Azeta da 'Yan Zo-Mu-Ci

A Tamale ta ƙasar Gana akwai ƙungiyoyin taimako iri-iri, masu ofis da allo a ƙofa, da masu mota mai rubutu a jiki. Akwai kuma wata da ba ta da ko ɗaya daga ciki, wadda mutanen unguwannin Lamashegu da Gumbihini suke kira 'Yan Zo-Mu-Ci. Aikinta kula da tsofaffi ne, amma wanda ya fara ganin 'ya'yanta a bakin aiki zai rantse kwaɗayi ne ya tara su. Ba sa kai wa tsohuwa dafaffen abinci. Garin masara suke kai mata, da busasshiyar kuɓewa, da ɗan kifi, da gawayi. Ita za ta tuƙa tuwon da hannunta, su kuma su shimfiɗa tabarma a inda duk mai wucewa zai gan su, su wanke hannu su ci. Abin da ya rage na kayan nata ne, ta yi ta amfani da shi har su sake zagayowa.

Wadda ta fara wannan abu sunanta Azeta, mai sayar da shinkafa da wake a bakin titin Lamashegu. Yanzu ta haura sittin, gwiwoyinta sun fara yi mata gardama, amma har gobe ita take tuƙa babur ɗinta da kanta. In aka ce mata ita ta kafa ƙungiya, sai ta yi dariya ta ce ita dai abin da ta sani ta ci tuwo.

An haife ta a unguwar Moshi Zongo. Mahaifinta mutumin ƙasar Moshi ne, ya gangaro da shanu a ƙafa yana saurayi, gari ya karɓe shi ya zauna. Mahaifiyarta tana dama koko da safe. Azeta ta yi allo, ta ɗan taɓa boko, sannan ta koma taya uwarta sayar da koko. Ta auri Abukari mai gyaran keke, wanda da babura suka cika gari ya koma gyaran babur. Suka kama ɗaki a Lamashegu tun unguwar ba ta cika haka ba, suka haifi 'ya'ya, suka binne ɗaya. Duk wanda ya san ta ya san ta da murya, da kuma rashin iya cin abu ita kaɗai. Ko gyaɗa take ci sai ta nemi wanda za ta tsakura wa.

Miyar da take zubawa a kan shinkafarta ta yi suna a wajen 'yan gareji da malaman makaranta, kuma ba ta ɓoye cewa sirrin a daddawa yake. Daddawar kuwa ta wata tsohuwa ce 'yar Dagomba daga Gumbihini, ana ce mata Mma Lamisi. Shekara da shekaru tsohuwar kan ɗauko ƙwaryarta a ka, ta ratso gari a ƙafa, ta sauke a gindin teburin Azeta, su fara faɗa tun ba su gama gaisawa ba.

Faɗan nasu na gado ne. Dagomba suna cewa Moshi jikokinsu ne, 'ya'yan 'yarsu da ta yi aure a arewa, saboda haka akwai wasa tsakaninsu. Ɗan Moshi yana iya tsokanar tsohon Dagomba a bainar jama'a, ya fizge masa hula, ya sa hannu a kwanonsa ba a ce masa bismillah ba, kuma babu mai ɗaukar abin da zafi. Azeta takan ce, "Kaka mai rowa, yau ma kin matse curin kamar ƙwayar magani." Mma Lamisi ta ce, "Kai ɗan masu jaki, a garinku ka taɓa ganin daddawa?" Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta.

Shekara goma sha wani abu da suka wuce, wajen ƙarshen damina, ƙwaryar ta daina zuwa. Azeta ta jira ta gaji, ta sayi daddawar kasuwa, masu saye suka fara tambaya ko ta canza hannu. A bakin wata mai gawayi ta ji abin da ya faru.

Mma Lamisi a gidan mijinta take zaune, a ɗakin da aka kawo ta tana amarya. Mijin ya daɗe da rasuwa. 'Ya'yanta maza ba su rayu ba, mace ɗaya da ta rage tana Kumasi, da wuya a ji duriyarta. Gidan ya koma hannun Mahamudu, ɗan ƙanin mijin, mai sayar da hatsi a kasuwar Aboabo, mutum mai sanyin hali da ba a taɓa jin ya ɗaga wa tsohuwar murya ba. Yana da ƙaramin ɗa da ya fara tafiya, kuma yaron ba shi da wurin zuwa sai ɗakin Mma Lamisi, tana ba shi ƙuli-ƙuli yana tsotsa. Wata rana zazzaɓi ya rufe shi, ya fara shiɗewa, aka kai shi asibiti, bai dawo ba. Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne. Bayan sadakar uku, uwar yaron ta yi mafarki ta ga tsohuwar tana miƙa wa ɗanta wani abu. Ta faɗa wa yayarta, yayar ta faɗa wa wata.

Babu wanda ya tsaya gaban Mma Lamisi ya ce mata mayya. Gaisuwa aka fara ɗauke mata. A ƙasar da mutum kan durƙusa ya gai da babba har gwiwa ta gaji, sai ta fito da safe ta yi gaisuwar Dagomba ta ce "Dasiba" ta ji shiru. Aka hana yara zuwa ƙofarta. Daddawarta ta bushe a ƙwarya. Limamin unguwa ya yi wa'azi a kan zato da ƙazafi, kowa ya ce gaskiya Malam ya faɗa, amma ko ruwa babu mai karɓa daga hannunta. Daga ƙarshe dangin matar suka matsa, aka tsai da magana: da an yi sadakar arba'in za a ɗauke ta a kai ta wani ƙauye mai nisa, inda ake tara tsofaffin da aka kora da irin wannan zargi. Ita kuwa abu ɗaya take so a duniya, a bar ta ta ƙarasa kwanakinta a ɗakinta.

Ranar da Azeta ta ji, ta tashi kasuwa da wuri, ta hau babur ta nufi Gumbihini bayan la'asar. Ta yi sallama, matan tsakar gida suka amsa. Da suka ga ɗakin da ta nufa sai suka kau da kai. Ta tarar da tsohuwar zaune a bakin gado, ta rame, a gabanta da ɗan kwano an rufe da faifai.

"Kai, me ya kawo ka?" in ji Mma Lamisi. "Ba ka ji ba ne? Koma gida."

"Na ji an ce kin fara cin mutane. Na ce da waɗanne haƙoran?"

Tsohuwar ba ta yi dariya ba. "Wannan ba abin wasa ba ne, jika."

"To mene ne a kwanon?"

"Tuwo. Na tuƙa, na kasa ci."

Azeta ta ce ita ba ta je da wata dabara ba, hannunta ne ya riga tunaninta. Ta suri kwanon kamar yadda ta saba, ta fito tsakar gida, ta zauna a kan wani turmi da aka kife, ta ce, "Mutanen gida, ku shaida, jika ta ƙwace tuwon kakarta." Babu wadda ta miƙo mata ruwa, sai da butar tsohuwar ta wanke hannu.

Ba ta ɓoye cewa ta ji tsoro. Ita ma da irin labaran nan aka raine ta, na mayya mai sa abu a ƙarƙashin farce ta kama kurwar mutum ta cikin loma. Sai da ta karanta abin da ta iya a zuci sannan ta haɗiye lomar farko. Ta biyu ta fi sauƙi. Tuwon ya huce, miyar kuka ce ba nama, amma daddawar nan tana ciki. Ta cinye tas, ta siɗe hannu, ta ɗaga murya ta ce, "Kaka, shi ma gishirin rowarsa kike yi?"

Babu wanda zai iya hana ta. Da wata ce ta yi haka, da an ce ta zo tsokanar gidan makoki. Amma 'yar Moshi ce a kwanon Dagomba, abin da aka tarar ne, ko maigida bai isa ya ce don me ba.

Da ta koma gida ta faɗa wa Abukari. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa ya dube ta sama da ƙasa.

"Kin ci?"

"Na ci."

"Duka?"

"Har na siɗe."

"To yaya kike ji a jikinki?"

"Yunwa. Kwanon ƙarami ne."

Bai hana ta komawa ba, amma ranar dokunu, tuwon masara na ganye, ya sayo ya ci, wai cikinsa ne ba ya son shinkafa. Da asuba ya riga ta tashi, ya tsaya a kanta yana kallo, har ta buɗe ido ta ce masa ba ta mutu ba, ya je ya yi alwala.

Ta ci gaba da zuwa kullum in ta tashi kasuwa. Ba a jima ba garin tsohuwar ya ƙare, tunda babu mai sayen daddawarta. Azeta ta ɗebo shinkafa da wake daga tukunyarta ta kai mata. Tsohuwar ta ci ta yi godiya, amma Azeta ta lura ranar matan gida ko waiwayowa ba su yi ba. Washegari ta zo da gari da kayan miya a leda, ta dire.

"Tashi ki hura wuta, Kaka. In na kawo miki nawa kin ci, me aka gani? Mayya ma ai tana cin na mutane. Hannunki ake tsoro, saboda haka abin da hannunki ya taɓa shi za a ci."

Daga wannan magana dokar ƙungiyar ta fito, kuma ba a canza ta ba har yau.

Labari ba ya kwana a Tamale. Kafin mako ya zagayo layin da ke gaban teburin Azeta ya yi gajere. Wasu sukan zo su gaisa su wuce, wasu su tsallaka titi tun daga nesa. Mashudatu, wata Bahaushiyar zango mai soya doya a gefenta, ita ma abin ya shafe ta.

"Kin ja mana, Azeta," in ji ta. "Mutum ya ƙi shinkafarki, ya ƙi doyata, wai hayaƙinmu ɗaya."

"To tunda asarar ta riga ta same ki, zo ki ci tuwon, kada ki yi biyu babu."

"Ni ba ni da kaka a Dagomba."

"Na ara miki tawa. Ba ta da wani amfani, amma ta iya miya."

Mashudatu ta bi ta a bayan babur. Ranar farko ta ce azumi take yi, alhali Talata ce. Rana ta biyu ta ci loma kaɗan tana salati. Da ta kwana ta tashi lafiya sai ta fi kowa baki, ita ta ja wata maƙwabciyarta da wata mai kitso. Matar Mahamudu ta aiko cewa surutu ya yi yawa a gidan da ake makoki. Azeta ta ga tana da gaskiya, suka ɗauke tabarma suka koma ƙofar gida, gindin dogonyaro. Nan kuwa hanya ce. Duk wanda ya zo wucewa sai Azeta ta ɗaga murya, "Bismillah, zo mu ci!" Mutane su ce sun gode, su ƙara sauri. Daga nan unguwa ta laƙaba musu sunan, da ba'a aka fara shi.

Amma cin tuwo bai warware maganar da aka tsayar ba, arba'in kuma tana matsowa. Azeta ta je Aboabo ta sami Mahamudu a tsakanin buhunan masara. Shi ma Dagomba ne, tana da damar tsokanarsa, amma ranar ta ajiye wasa. Ta durƙusa ta yi masa gaisuwar rashi yadda ya kamata, sannan ta ce, "Maigida, ka ga muna ci, ga mu nan da ranmu."

"Na gani, Mma Azeta."

"Kai a zuciyarka ka yarda ita ce?"

Ya daɗe yana wasa da ƙwayar masara a tafinsa. "Kin taɓa binne ɗa?"

"Na binne ɗaya."

"To kin san ba a tambayar mutum abin da ya yarda da shi. Ni ban ce ita ce ba, ban ce ba ita ba ce. Abin da na sani, matata in ta fito tsakar gida da safe, idonta a kan ƙofar nan yake sauka, ƙofar da yaron yake takawa ya shiga. Sai ta koma ɗaki ta kwanta, ba ci ba sha. Danginta sun ce ko tsohuwa ta fita ko su ɗauki 'yarsu. Ke da ke ce, wa za ki zaɓa?"

Azeta ta koma Gumbihini ta maimaita wa Mma Lamisi duk abin da ya ce, ba ta rage ba. Tsohuwar ta saurara, ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tankaɗe garinta.

Washegarin sadakar arba'in, Azeta ba ta ɗora tukunya ba. Da sassafe ta kwashi Mashudatu da sauran suka tafi. Suka tarar Mma Lamisi ta ƙulle kayanta a zane, ta jingina tabarmarta a bango.

"Ko tafiyar ce, sai kin sallame mu," in ji Azeta. "Wa ya taɓa ganin kaka ta yi tafiya ta bar jikoki da yunwa?"

Tsohuwar ta kwance ƙullin, ta ciro muciya da tukunya. Ranar miyar ayoyo ta yi, wato lalo, da ɗan kifin da Mashudatu ta kawo.

Da hantsi suna zaune a gindin dogonyaro suna ci, sai ga wani babur mai ƙafa uku da akwatin kaya a baya, irin wanda ake kira motokin. Lokacin irinsa bai daɗe da shigowa gari ba. Mai tuƙa shi wani magidanci ne mai suna Dramani, Mahamudu ne ya ɗauko shi daga kasuwa, ya kwatanta masa gida, shi kuma Mahamudun ya biya kiran wani dattijo da zai yi rakiya. Dramani ya kashe inji ya yi sallama. Azeta, don sabo, ta ce, "Bismillah, zo mu ci."

Kowa ya san wannan kira na ladabi ne, amsarsa ita ce a ce an gode. To Dramani tun asuba yake lodin doya, ko koko bai sha ba, ga ƙamshin daddawa ya cika wurin. Ya ce, "Wallahi Mma, ba zan yi miki ƙarya ba." Ya ja buta ya wanke hannu ya tsuguna.

Matan suka dubi juna. Ya kai loma, ya ƙara, ya lumshe ido.

"Kai! Rabona da irin miyar nan tun uwata tana da rai. Wace ce ta yi?"

"Ci dai," in ji Mashudatu, ta tura masa kwanon.

Sai da ya ji cikinsa ya ɗauka, ya yi hamdala, sannan ya ce, "Ina kayan da zan ɗauka? An ce mini wata tsohuwa ce da 'yan komatsanta. Wai irin waɗannan ne, Allah ya tsare mu. A baya za ta zauna, kada ta taɓa ni."

Mashudatu ta nuna Mma Lamisi da baki, tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno da muciya a hannu. "Ga ta nan. Ita ta yi miyar."

Dramani ya dubi hannunsa, ya dubi kwanon da ya share, ya dubi tsohuwar. Ya miƙe ya koma ya zauna.

"La'ilaha illallahu. Kuka bar ni na ci?"

"Mu da muka yi makonni muna ci, ka ga mun yi kama da gawa?" in ji Azeta.

"Kai, ka ƙoshi ko in ƙara maka?" Mma Lamisi ta tambaye shi.

Ana cikin haka Mahamudu ya iso da dattijon. Ya ce a fara loda kaya. Dramani ya goge hannu a wando, ya ƙi haɗa ido da kowa.

"Maigida, ka yi haƙuri. In baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Tuwonta yana cikina, ko sauka bai yi ba. In mayya ce, to ta riga ta gama da ni, ba zan shiga daji da ita ba. In kuma ba ita ba ce, da wane ido zan sauke ta a can in juyo?"

"Motokin ɗinka kaɗai ne a Tamale?" in ji Mahamudu, ba da faɗa ba. Ya ciro waya daga aljihu.

Gaskiya ya faɗa, kuma kowa a wurin ya san haka. Mma Lamisi ce ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta yi wa Mahamudu magana da Dagbani, yarensu na Dagomba, a hankali, yadda ake yi wa ɗa.

"Mahamudu, an ce mini ƙofata ce matarka ba ta son gani. Tana da gaskiya, ni ma ba na son ganinta. Zo ka duba." Ta taka ta dafa bangon da ke bayan dogonyaron. "Wannan bayan ɗakina ne. A toshe ta ciki, a fasa mini wata a nan. Ba za ta ƙara ganina ba, ba zan ƙara taka tsakar gidanku ba."

"A'a, Kaka!" Azeta ta tashi tsaye. "In kika yi haka kin amsa laifin da ba ki yi ba. Shekara nawa kina sharar tsakar gidan nan?"

"Kai, yi shiru. Tsakar gida na ce maka ina so? Ɗakin nake so."

Azeta ta koma ta zauna, ranta a ɓace. Har yau in ana maganar takan ce ba a yi wa tsohuwar adalci ba, ita dai ta fi su sanin abin da za ta iya samu.

Mahamudu ya mai da wayar aljihu, ya shiga gida. Aka jiyo muryoyin mata. Dattijon da aka kira rakiya ya sami wuri ya zauna nesa da kwano. An daɗe kafin Mahamudu ya fito.

"Ta yarda," in ji shi. "Amma yau za a yi. Kuma a fara toshe ta ciki kafin a fasa ta waje."

"To ta ina maginin zai fito, maigida?" in ji Dramani.

Mashudatu ta fashe da dariya, ta toshe baki da mayafi. Mahamudu kansa sai da ya kau da kai.

Motokin ɗin da ya zo ɗaukar tsohuwa shi ya yi jigilar bulo da yashi da siminti. Abukari ya rufe garejinsa ya zo da wata tsohuwar ƙofar ƙarfe da yake jingine da ita tun tuni. Kafin magariba an fasa, an kafa, an toshe. Daga baya matan suka kewaye mata wurin wanka da zana a gefe, suka yi magana da wani gida da ke tsallaken hanya take ɗibar ruwa a famfonsu.

Daga ranar aka fara aiko wa Azeta da saƙo a ɓoye: akwai wata tsohuwa a unguwa kaza da aka daina gaisarwa, akwai wata da jikokinta suka daina cin abincinta. Ba duka ba ne maganar maita. Wasu kaɗaici ne kawai, 'ya'ya sun tafi kudu, tsohuwa ta daina hura wuta don babu wanda za ta dafa wa. Suka raba kansu, kowace ƙungiya da gidajenta. Dramani ya jawo wasu maza 'yan motokin, su suke zuwa wajen tsofaffi maza, tsoho ya dafa musu shayi ko ya fasa musu goro da hannunsa. A wajen cin ne ake gane wanda ƙafarsa ta kumbura a kai shi asibiti, da wanda rufinsa ke yoyo a nemo kwanon rufi. Kayan abincin daga 'yan kasuwa suke fitowa, wannan ta ba da gari, wancan ya ba da gawayi. Ba kullum ake dacewa ba. Akwai wata a unguwar Gumani da labarinta bai iso da wuri ba, suka je da garinsu suka tarar an riga an tafi da ita. Akwai kuma wata da miyarta ba ta ciyuwa, har yau ana jan rigima a kan wa zai je gidanta, kuma dole wanda ya je ya cinye.

Mma Lamisi ta ƙara shekaru da dama a bayan sabuwar ƙofarta. Ta koma yin daddawa, ko da yake ƙafa ta daina kai ta Lamashegu, Azeta ce ke zuwa ta ɗauka tana ƙorafin curin ya ƙanƙance. Matar Mahamudu ba ta ƙara yi mata magana ba, shi kuma bai taɓa cin abincinta ba, amma duk kaka yakan sa a ajiye buhun masara a bakin ƙofar. Wata safiya cikin azumi Azeta ta zo ta ga ba a buɗe ba, ta tura, ta same ta a kan gadonta ta riga ta cika. A ɗakin aka yi mata wanka, ta ƙofar titi aka fito da ita, Mahamudu yana cikin masu ɗaukar makara.

Ba a sake buɗe ƙofar cikin ba. Wani tela ne yake haya a ɗakin yanzu, kuma yana yawan cewa ya yi sa'ar wuri, don ƙofarsa tana kallon hanya.